Nana Asma'u Ƴar Shehu, Malamar Da Ta Kai Karatu Har Bakin Murhu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauko tarihin wannan baiwar Allah shi ne wata tambaya da aka kawo mana bayan sallar Juma'a. Wata dattijuwa ce da ta haura shekara 60 ta aiko jikanta, tana son ta san abin da mutum zai yi idan ya mance zaman tahiya na farko. Da muka bincika sai muka tarar maigidanta yana cikin waɗanda ba su rabuwa da sahun gaba, kuma ya fi shekara 30 yana zama wurin tafsiri kowane azumi. Karatun da ya ji duk ya tsaya a zaure, bai taɓa ƙetare soro ya shiga cikin gida ba. Wannan ciwo daɗaɗɗe ne, kuma akwai wadda ta yi masa magani kusan shekara 200 da suka wuce, ita ce Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Gidan da ta fito ba baƙo ba ne a gare mu mutanen Nijar. Kakannin Shehu sun daɗe zaune a ƙasar Ƙwanni, shi kansa an haife shi a Maratta a shekarar 1754, cikin jihar Tawa ta yau, kuma ya taka har Agadas domin ɗaukar karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga baya gidan ya zauna a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, kuma a can aka haifi Asma'u a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogon Sauru lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu.

A Ɗagel karatun mace ba abin mamaki ba ne. Yarinya tana ɗaukar allo kamar yadda yaro yake ɗauka, ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafan tauhidi da fiƙihu da Larabci da tasawwufi, kuma da yawa daga cikin masu karantar da ita mata ne na cikin gidan. Shehu ya tsaya a kan wannan da gaske. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da suke tara almajirai a waje domin a yabe su, alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhu, ba su san hukuncin alwala da salla ba. Tun yana yawon wa'azi wani malami ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa, ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar da jawabi da cewa barin su cikin jahilci shi ne ya fi muni, kuma ana keɓe musu wurin zamansu. A cikin wannan iska Asma'u ta buɗe ido. Ta ƙware a Larabci, Fulatanci harshen gidansu ne, Hausa harshen ƙasar ce, kuma tana jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Littattafai kuwa a kan dabbobi ake ɗaukar su duk inda jama'a ta nufa, domin a lokacin babu ɗab'i, idan kofi ɗaya ya ƙone ko ruwa ya ci shi, wataƙila ke nan an rabu da shi. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, kuma Asma'u tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da adana su. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, tana da shekara 27.

Da a nan ta tsaya, da mun ambace ta cikin jerin malamai mata mu wuce. Abin da ya bambanta ta shi ne matsalar da ta hango, da kuma dabarar da ta ɓullo da ita.

Yaƙi ya ƙare a wasu wurare, a wasu bai ƙare ba. Mu mutanen Maraɗi da Tsibiri mun san wannan tarihi ta ɗaya gefen, domin kakannin da yawa daga cikinmu suna cikin rundunar Katsinawa da Gobirawa da ta gwabza da Sarkin Musulmi Bello a Gawakuke a 1836, kuma bayan wannan yaƙi ne aka kafa Tsibiri. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, waɗanda suka yi yaƙin duka sun koma ga Mai hukunci. Mun kawo shi ne domin a fahimci su wane ne ɗaliban Nana Asma'u. Yaƙe-yaƙen nan sun zuba mata masu yawa cikin garuruwa da ƙauyukan daular, wasu kamammu, wasu zawarawa, wasu marayu. Mafi yawansu Hausa kaɗai suke ji, ba su taɓa riƙe allo ba, kuma idan ciwo ya kama ɗa ko haihuwa ta yi gardama, wurin ƴan bori suka san ana zuwa. A Gobir shugabar bori ita ce Inna, mace mai iko daga gidan sarauta, wadda take sanya malfa irin ta maza. Waɗannan mata su ne za su yi renon ƴaƴan Musulmi na gobe, kuma babu malamin zaure da muryarsa take isa gare su.

Abu na farko da Asma'u ta duba shi ne harshe. Idan tana magana da malamai sai ta rubuta da Larabci, kamar littafinta Tabshirul Ikhwani na 1839, wanda ya tattara abin da ya zo game da neman waraka da surorin Alƙur'ani, domin mai ilimi ya sami abin da zai miƙa wa mara lafiya a maimakon girka. Idan da dangin Shehu da jama'arsa ta farko take magana sai ta yi da Fulatanci. Idan kuwa talakawa take nufi, sai Hausa, a rubuce da ajami. Sau da yawa abu ɗaya take fitarwa cikin harsuna biyu ko uku. Waƙar mahaifinta ta Fulatanci wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa, ita ce ta mayar da ita Hausa a 1831, kuma saboda wannan fassara ce ta shiga bakin jama'a har ta iso zamaninmu. Ba ta ɗauki saukowa zuwa harshen mai koyo a matsayin raguwar daraja ba, alhali Larabcinta ya isa ta yi musayar baitoci da manyan malaman zamaninta.

A nan muna da abin faɗi a kan kawunanmu. Mu da muka bi ta madarsa mun tuna shekarar da muka haddace ta'arifin tsarki da rabe-raben ruwa da Larabci tsaf, muka ci jarrabawa da maki mai kyau, muka zo hutu gida mahaifiyarmu ta tambaye mu ko ruwan randar da ɓera ya faɗa ciki yana alwala, muka tsaya muna inda-inda. Kalmomin suna kanmu, ma'anar ba ta sauka ba. Malamin zaure da yake biya Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, yana fassara kowace kalma da Hausa, almajiri yana maimaitawa, ya fi mu kusa da hanyar Asma'u a wannan fuska, ko da yake mun daɗe muna yi masa kallon wanda zamani ya wuce. Larabci wajibi ne ga wanda zai zama malami, babu mai jayayya a kan haka. Amma tsohuwar da take son ta gyara sallarta kafin ta mutu ba za ta jira sai ta iya nahawu ba.

Sai kuma waƙa. Asma'u ta san macen ƙauye ba ta da takarda, ba ta da fitilar karatun dare, ba ta da sa'a guda da za ta zauna ba aiki a hannunta. Abin da take da shi kunne ne da ƙwaƙwalwa, da kuma dogayen sa'o'in daka da niƙa da kaɗi da ɗibar ruwa, waɗanda dama da waƙa ake yin su. Sai ta zuba karatu cikin baitoci masu awo da amsa-amo, babu kiɗa babu ganga, yadda idan kalma ta faɗi awon da kansa zai nuna an yi ɓari. Dubi waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti kimanin 30, wadda ta yi da Fulatanci a 1829, ta kuma fitar da ita da Hausa a 1838. Mai kallo daga nesa zai ce jerin sunaye ne kawai. Amma macen da ta riƙe ta ta san abin da Littafin ya ƙunsa daga Fatiha har Nasi, kuma kowane suna ƙofa ce da mai karantarwa za ta tsaya a kai ta yi bayani. Baitin ƙugiya ne da ake rataya bayani a jikinsa. Haka Godaben Gaskiya ta 1842, wadda ta bi shika-shikan addini da halayen ƙwarai da abin da ke jiran mutum bayan mutuwa. A ƙarshen waƙoƙinta takan sanya ramzi, wato kalmar da lissafin haruffanta yake ba da shekarar da aka yi waƙar, shi ya sa muke iya faɗin shekarun nan da natsuwa.

Akwai wata waƙa tata da ta fi burge mu ta fuskar hikimar karantarwa. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci a 1836, da Hausa a 1837, ita ce Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƴaƴansa, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya. Sannan ta ƙara da matan zamaninta, na cikin jama'ar Shehu, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu wurin iyayensu: wannan mahaddaciya ce, wannan mai sulhunta mutane ce, wannan mai karantar da mata ce. Mai koyo idan aka ba shi misali da mutanen Bagadaza da Basra kaɗai, zai yi sha'awa ya ce wannan sai su. Idan aka haɗa masa da wadda ta sha ruwan rijiyar da yake sha, uzurinsa ya yanke.

Duk da haka waƙa ba ta da ƙafa, sai an sami mai kai ta. A nan ne Asma'u ta kafa abin da aka sani da Ƴan Taru, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Matar aure mai ƙananan ƴaƴa ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato, kuma Asma'u ba ta nemi ta yi haka ba. Sai ta zaɓi mata dattijai, waɗanda suka wuce haihuwa, aka san su da amana da hankali a garuruwansu, ta naɗa kowace a matsayin jaji. Jaji a asali shi ne jagoran ayari. Ita jajin takan taho da ayarin tsofaffi da ƴan mata ƙanana da ba su kai aure ba, a ƙasa, su sauka gidan Asma'u, su kwana nan suna ɗaukar karatu, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida, su koma da amsa da sababbin baitoci. Can kuma jaji ta bi gida gida tana biyawa. Da haka karatu ya isa ga macen da ba ta taɓa fita ƙofar gidanta ba, ta bakin wadda ta sani, take jin nauyinta, kuma ba ta jin kunyar tambayarta abin da ya shafi haila da biƙi da wankan janaba, abubuwan da har gobe mace ba ta iya buɗe baki ta tambayi liman.

Alamar naɗin jaji ita ce malfa da jan rawani da ake naɗawa a kanta. Ku tuna malfa ita ce alamar Inna ta Gobir. Asma'u ba ta tsaya zagin malfa ba. Ta san idon matan ƙasar ya saba ganin girma da iko a ƙarƙashin wannan hula, sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai karantar da salla. Abin da ke cikin bori na shirka ta yaƙe shi ba sassauci, a rubuce da kuma a baki. Abin da yake tufafi ne kawai ta bar wa mutane kayansu, ta sauya abin da yake nunawa. Muna ganin masu wa'azinmu na yau, musamman matasa masu zafin jini da suka dawo daga karatu, suna da bukatar su daɗe suna nazarin wannan. Rarrabe abin da yake saɓo da abin da yake saba kawai, shi ne rabin aikin mai karantarwa.

Ƴan Taru sukan zo da sadaka gwargwadon hali, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, Asma'u kuma ta rarraba wa mabukata da marasa lafiya. Karatun bai rabu da aiki ba. Ana sa ran ƴar taru ta zama mai duba mara lafiya a unguwarsu, mai taimakon mai haihuwa, mai wankan gawar mace yadda shari'a ta tsara, mai shiga tsakani idan kishiyoyi sun saɓa. Da wannan ake gane ko karatun ya zauna, domin babu takardar shaida da ake bayarwa.

Wani zai ce wannan ai karatu ne na sama sama, bai fitar da manyan malamai ba. Gaskiya ne jaji ba ta zama mai fatawa ba, kuma ba a naɗa ta don haka ba. Mai neman zurfi yana da wurinsa a gidan Asma'u, inda ta karantar da littattafai, maza da mata suna aiko mata da tambaya. Amma ta bambance abin da yake wajibi a kan kowane baligi da abin da wasu suke ɗauke wa wasu, ta ba kowanne hanyar da ta dace da shi. Mu a yau mun fi mayar da hankali ga na biyun. Muna gina makarantu masu azuzuwa, abu ne mai kyau, tun daga madarsar farko da aka buɗe a Sayi a 1957 har zuwa jami'ar Musulunci da ta fara aiki a garin a 1986 an sami ci gaba da ba mai musunsa. Makarantun matan aure na dare da na rana su ma sun yawaita a birane, Allah Ya saka wa masu riƙe da su. To amma matar da ke ƙauyen da ke nesa da kwalta, wadda take tashi tun asuba ta nufi rijiya, wace ce jajinta? A kowane gari akwai tsohuwa mai hankali da mata suke saurara wa. Mun taɓa kiran irinsu mun zaunar da su wata guda bayan an gama girbi, mun koya musu farillan alwala da salla da gyaran rafkanuwa da harshen da suke ji, mun sallame su da girmamawa a gaban jama'a? Wannan ba ya cin kuɗin gina aji ɗaya.

Rabin rayuwarta na ƙarshe cike yake da rashe-rashe. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta yi masa marsiyya, ta kuma tsara tarihin Shehu da jihadi a waƙe da Fulatanci, wanda ƙanenta Isa ya mayar Hausa, aka san shi da Waƙar Gewaye. Mijinta Giɗaɗo ya riga ta, haka ƴan'uwa da aminai da dama. Ko a cikin marsiyya ba ta bar karantarwa ba, domin ba ta cika yabon mamaci da sarauta ko nasarar yaƙi ba, sai da haƙuri da kyauta da riƙon zumunci da tsoron Allah, abubuwan da mai sauraro zai iya kwaikwaya. Kuma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Cikin marsiyyoyinta akwai wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa, macen da ba ta da sarauta ba ta da dukiya, sai dai shekarun da ta yi tana jagorantar mata zuwa wurin karatu. Ƴar Shehu, matar Waziri, uwar Waziri Abdulƙadir, ta zauna ta tsara baitoci domin kada sunan wannan tsohuwa ya ɓace.

Allah Ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 da suka iso gare mu. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar Ƴan Taru da naɗa jajoji, bayanta Ta Modi ta karɓa. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, iyaka ta raba ƙasar Hausa biyu, amma ayarin matan bai yanke ba. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta tarar da jajoji da malfunansu fiye da shekara 100 bayan rasuwar Asma'u, suna rera baitocinta da ka. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta kuma ya rasu a 1997, shi ne ya buɗe mata taskar takardun gidansu, kuma a wannan shekara ta 1997 aka buga tarin ayyukan Asma'u cikin littafi guda, tare da Beverly Mack ta Amurka.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan Hauwa da sauran jajojin da ba mu san sunayensu ba, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Amin.